Tsakuren Zuciya: Yadda Likitoci Suka Koyi Gane Halin da Baƙuwar Zuciya Ke Ciki

 

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya a nan Batagarawa, wata 'yar uwa ta karanto mana babi ɗaya daga labarin da take rubutawa. Tauraruwar labarin ta yanke jiki ta faɗi, likita ya ce zuciyarta ta kumbura, attajirin mahaifinta ya ɗauke ta sai Indiya, aka yi mata dashen zuciya, bayan mako biyu ta sauka a filin jirgin Kano ana ta shirin biki. Babin ya yi daɗi, kuma ba ita kaɗai ba ce, da yawanmu mun taɓa rubuta irinsa ko mun karanta. Sai dai mu da muka ɗan zauna a ɗakin gwaje-gwaje lokacin da muke neman difloma, wani abu ya tsaya mana a rai. A mako na biyu bayan dashen zuciya, mara lafiya ba ta kama hanyar gida ba tukuna. Tana kwance ne a kan wani siririn gado, an lulluɓe mata gefen fuska da ƙyalle, likita yana zura wata waya ta jijiyar wuyanta har cikin sabuwar zuciyar don ya tsakuro 'yar tsoka. Kuma a yawancin asibitoci za a maimaita mata hakan sau goma ko fiye kafin shekara ta zagayo.

Tarihin wannan 'yar tsokar muke so mu bi yau, domin ita ce ta ceto dashen zuciya a lokacin da duniya ta kusa yin watsi da shi.

JIKI BA YA SON BAƘO

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da masu gadi, waɗanda muke kira garkuwar jiki. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da wata shaida da muka gada daga uwa da uba, kamar dai tsagen gado a fuska. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, aikinsu shi ne yawo suna duba wannan shaidar. Wanda suka ga na gida ne su ƙyale shi, wanda suka ga baƙo ne su far masa. Da haka muke tsira daga cututtuka. Matsalar ita ce ba su san bambancin baƙon da ya zo cuta da wanda ya zo ceto ba.

Wanda ya fara fayyace wannan shi ne Peter Medawar, wani masanin halittu na Ingila. A lokacin yaƙin duniya na biyu, shi da wani likita mai suna Thomas Gibson sun duba wata mata da ta ƙone a birnin Gilasgo, aka dasa mata fatar ɗan uwanta. Fatar ta kama na ɗan lokaci, sannan ta lalace. Da aka sake dasa mata daga fatar mutumin nan, sai ta lalace da sauri fiye da karon farko. Wato jiki ya gane baƙon, kuma ya riƙe kamanninsa. Sun wallafa wannan a 1943, kuma a 1960 Medawar ya samu kyautar Nobel.

Daga nan likitoci suka san cewa duk wanda za a dasa wa sashen jikin wani, dole a ba shi maganin da zai kwantar da masu gadin nan. To amma nawa za a ba shi? In aka ba shi kaɗan, jiki ya cinye dashen. In aka ba shi da yawa, an buɗe ƙofa ga kowace cuta, har wadda ba ta isa ta kwantar da yaro ba sai ta kashe babba. Gaba kura baya sayaki ke nan. Mafita ɗaya ce: likita ya san ainihin abin da ke faruwa a cikin dashen a kowane lokaci. A 1967 kuwa babu wanda ya san yadda zai san hakan.

KWANA 18 A CAPE TOWN

Ranar 3 ga Disamba 1967, a asibitin Groote Schuur da ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, Christiaan Barnard ya cire zuciyar wata budurwa 'yar shekara 25, Denise Darvall, wadda mota ta buge, ya dasa wa Louis Washkansky, wani mai kantin kayan masarufi da ya haura shekara hamsin. Zuciyar ta buga. Mutumin ya farka, ya yi magana, ya ci abinci, jaridun duniya suka cika da hotonsa.

Bayan kamar mako biyu sai numfashinsa ya fara sarƙewa, hoton ƙirji ya nuna wani duhu a huhunsa. Likitocin suka zauna shawara. Cuta ce ta shiga huhu, ko kuwa alamar jiki ya fara yaƙar baƙon ne? Maganin ɗaya kishiyar maganin ɗayan ne. Suka karkata ga cewa ƙin dashe ne, suka ƙara masa magungunan danne garkuwa. Ranar 21 ga Disamba ya mutu, kwana 18 bayan tiyatar. Da aka buɗe gawar, sai aka tarar nimoniya ce ta cinye huhun, zuciyar kuwa ba ta da wata lalacewar da za ta kashe shi.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Ɗinkin Barnard bai warware ba, hannunsa bai yi kuskure ba. Abin da ya rasa shi ne ido. Yana ba da magani ne a cikin duhu.

SHEKARAR RUBUBI

Duk da haka duniya ta ruɗe. Ranar 2 ga Janairu 1968 Barnard ya yi wa Philip Blaiberg dashe, ya rayu wata 19. Kwana huɗu bayan haka Norman Shumway na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi nasa na farko, mara lafiyar ya yi kamar mako biyu ya mutu. Shi Shumway, tare da abokin aikinsa Richard Lower, tun 1960 suka nuna yadda ake ɗinka zuciya a jikin karnuka, kuma a kan hanyarsu Barnard ya ɗora. Kafin ƙarshen 1968 an yi dashen zuciya kusan ɗari a faɗin duniya, wasu ma a asibitocin da ba su taɓa yin wani shiri na nazarin garkuwar jiki ba. Kowace ƙasa tana so a ce ita ma ta yi.

Sakamakon bai yi kyau ba. Kusan kashi biyu cikin uku ba su wuce wata uku ba. A Japan, likita Juro Wada ya yi dashe a Sapporo a watan Agustan 1968, saurayin da aka yi wa ya mutu bayan kwana 83, aka zargi likitan da kisan kai, kuma ko da yake ba a gurfanar da shi ba, ƙasar ba ta sake yin dashen zuciya ba sai 1999. A Ingila hukuma ta nemi a dakata. A watan Satumban 1971 mujallar Life ta Amurka, wadda a baya ta yi ta kambama aikin, ta fito da babban labari a bangonta tana lissafa gawarwaki. Yawancin asibitoci suka janye jiki. 'Yan kaɗan ne suka ci gaba, kuma a cikinsu Stanford ce ta zauna ta tambayi kanta abin da ke kashe mutanen.

ZUCIYAR DA BA TA KUKA

Me ya sa gane ƙin dashe ya fi wuya a zuciya? Dalili biyu ne.

Na farko, lokacin da aka ciro zuciya daga jikin mai ita, an yanke duk jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninta da ƙwaƙwalwa. Likita yana ɗinka hanyoyin jini, amma ba ya ɗinka waɗannan. Sabuwar zuciya tana bugawa da kanta, har ta ɗan fi ta sauran mutane sauri, amma a watannin farko ba ta da hanyar aika ciwo. Ana iya cin ta a hankali mai ita yana zaune yana hira. Kafin ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya gaza, ko kasala ta kwantar da shi, sau da yawa ɓarna ta riga ta yi nisa.

Na biyu, zuciya ba ta da madadi na kusa. Wanda aka dasa wa ƙoda, gwajin jini mai sauƙi yana nuna ko ƙodar ta fara gazawa, kuma in ta gaza gaba ɗaya akwai injin wankin ƙoda da zai riƙe shi. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa ba shi da wannan sararin.

Abin da likitocin farko suka dogara da shi shi ne na'urar auna lantarkin zuciya. Sun lura a jikin karnuka cewa in zuciya ta fara kumbura saboda harin garkuwa, tsayin zanen da na'urar ke yi a takarda yana raguwa. Alama ce, amma mai zuwa a makare, kuma wasu abubuwan daban, kamar taruwar ruwa a kewayen zuciya, su ma suna rage zanen. Ana buƙatar a ga tsokar da ido, ba tare da an sake tsaga ƙirji ba.

HANTSAKI DAGA TOKIYO

Abin mamaki, kayan aikin ya samo asali ne daga Japan, ƙasar da ta rufe ƙofar dashen. A 1962, shekara biyar kafin tiyatar Barnard, likitoci biyu a Tokiyo, Shigeru Sakakibara da Souji Konno, suka ƙera wata doguwar waya mai ɗan baki a ƙarshenta kamar na hantsaki. Ana zura ta ta hanyar jini har cikin zuciya, a matsa maɗauri daga waje, bakin ya gutsuro tsoka. Sun yi ta ne don gano cututtukan tsokar zuciya, ba don dashe ba. Kafin ita, sai dai a soka allura ta tsakanin haƙarƙari, abin da ke da hatsari ƙwarai. Sai dai wayar tasu doguwa ce mai tauri, sai an tsaga fata an nemo jijiya, don haka ba abin da za a riƙa yi wa mutum ɗaya kowane mako ba ne.

A 1971 wani matashin likitan tiyata ɗan birnin Belfast na Ailan ta Arewa, Philip Caves, ya zo Stanford neman ƙarin ilimi. Ya ɗauki wannan hantsakin ya kai wa wani maƙerin kayan tiyata mai suna Werner Schulz. Su biyu suka gajarce shi, suka sa ya zama mai lanƙwasuwa, yadda za a shigar da shi ta babbar jijiyar dama ta wuya da huda kawai, ba tsaga ba. Daga wannan jijiyar hanya kusan miƙaƙƙiya ce zuwa ɓangaren dama na zuciya. Caves ya gwada a jikin karnukan da aka yi wa dashe, sannan a 1972 ya fara yi wa mutane, aka wallafa sakamakon a 1973. Aikin da a da yake buƙatar ɗakin tiyata ya koma na kamar rabin awa, mara lafiya idonsa biyu, ya tashi ya tafi da ƙafarsa.

Mu lura da wannan maƙerin. Ba likita ba ne, ba a buga hotonsa a bangon mujalla ba, amma har yau ana kiran kayan aikin da sunansa haɗe da na Caves. Shi kuwa Caves ya koma Birtaniya ya zama farfesan tiyatar zuciya a Gilasgo, ya mutu kwatsam a 1978 yana da shekara 38. Ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya tana ba da kyauta da sunansa ga matasan masu bincike.

MATAR DA TA KARANTA TSAKUREN

Tsakuro tsoka rabin aiki ne. Sai an samu wanda zai dube ta ya faɗi abin da take nufi, kuma a lokacin babu littafin da za a buɗe, domin ba wanda ya taɓa bin dasasshiyar zuciyar mai rai mako bayan mako. Wadda ta ɗauki wannan nauyin ita ce Margaret Billingham. An haife ta a 1930 a garin Tanga na ƙasar da yanzu ake kira Tanzaniya, ta yi makaranta a Kenya, ta karanta likitanci a Landan, sannan ta zama likitar nazarin tsoka a Stanford. Caves yana kawo mata gutsattsarin, tana dubawa a madubin hangen ƙananan halittu, tana kwatanta abin da ta gani da abin da ya faru da mara lafiyar daga baya. Da haka ta gina ma'auni: wannan ƙi ne mai sauƙi, wannan matsakaici, wannan mai tsanani, wannan kuma yana warkewa.

Ga yadda aikin yake gudana har yau. Ana kashe zafin fatar wuya da allura, a saka ɗan bututu a jijiya, a zura hantsakin ana kallonsa a allon hoto. In ya shiga ɗakin ƙasa na dama na zuciya, sai a nufi bangon da ya raba dama da hagu, domin ya fi kauri, a gutsuro guda uku zuwa biyar, kowanne bai wuce ƙwayar gero ba. A jefa su a ruwan fomalin, a daskarar da su cikin kaki, a yanka su sirara fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a gilashi, a rina. Duk wanda ya yi karatun ɗakin gwaje-gwaje ya san rinin nan biyu, himatoksilin da iyosin. Zaren tsokar zuciya yana fitowa ja-ja mai haske, limfosait kuma ɗige-ɗige masu launin shuni. Lafiyayyar zuciya zare ne a jere kamar saƙa. Wadda ake yaƙa kuwa sai ka ga ɗigon shunin sun cika tsakanin zaren kamar tururuwa, wani wurin har sun fara cin zaren.

Wannan ne ya ba likita idon da Barnard ya rasa. Yanzu yana iya ganin hari kwanaki kafin mara lafiya ya ji komai, ya ƙara magani na ɗan lokaci, ya sake tsakurowa ya ga ko ya lafa, sannan ya rage. Haka kuma in zazzaɓi ya zo, tsoka ta nuna babu hari, ya san cuta zai nema, ba garkuwa zai ƙara dannewa ba. A Stanford, waɗanda ke cika shekara ɗaya da rai sun tashi daga kashi 22 cikin ɗari a 1968 zuwa kashi 65 a 1978. Ba tsakuren ne kaɗai ya jawo hakan ba, akwai kyautata zaɓen marasa lafiya da wasu magunguna, amma shi ne ya ba da damar auna ko kowane sabon magani yana aiki. Da ganin wannan sakamakon ne Terence English ya farfaɗo da dashen a asibitin Papworth na Ingila a 1979, Magdi Yacoub kuma ya fara a Harefield a 1980.

SABON MAGANI, MA'AUNI ƊAYA

A shekarun 1970 kamfanin Sandoz na ƙasar Suwizalan ya fitar da wani magani daga wani nau'in fumfuna da aka samu a ƙasar da aka ɗebo daga Nowe. Sunansa saikulosforin. Stanford ta fara ba masu dashen zuciya shi a ƙarshen 1980, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1983, daga nan asibitoci suka dawo aikin da yawansu. Mutum zai zaci maganin zai sa a daina tsakure. Akasin haka aka samu. A ƙarƙashinsa hari yana zuwa ne a ɓoye, zuciya ba ta kumbura kamar da, tsohuwar alamar na'urar lantarki ta daina amfani. Sai hantsaki ya zama abin dogaro fiye da da.

Da asibitoci suka yawaita, kowanne ya fito da nasa ma'aunin, har ya zama abin da ake kira matsakaici a nan mai sauƙi ne a can. A 1990 Billingham ta jagoranci kwamitin ƙungiyar duniya da ya fitar da ma'auni guda. Da aka ga rabe-rabensa sun yi yawa har masana suna saɓani, sai aka taƙaita shi a 2004 zuwa mataki huɗu. 0R, babu hari. 1R, hari mai sauƙi, yawanci ba a ƙara magani, sai dai a sa ido. 2R, matsakaici, an ga wuri biyu ko fiye da ake cin tsoka, a nan akan ba da ƙaƙƙarfan magani na 'yan kwanaki. 3R, mai tsanani, hari ya bazu ko'ina, wani lokaci har da zubar jini a cikin tsoka, wannan kwanciya asibiti ce ta gaggawa. Daga baya an ƙara wani ma'aunin na wani nau'in ƙi daban, wanda sinadaran garkuwa da ke yawo a jini suke kai wa ƙananan hanyoyin jinin zuciya, shi kuma sai da rini na musamman ake ganinsa. Billingham ta mutu a 2009. A yau kusan tara cikin goma na waɗanda aka yi wa dashe suna cika shekara, rabinsu kuma suna haura shekara goma.

TSAKURE BA LITTAFI BA NE

Mu marubuta mun san tsakure. Mun san shafi biyu na iya nuna ƙarfin littafi, mun kuma san suna iya yaudara. Haka abin yake a nan. Hari ba ya kama zuciya bai ɗaya, yana iya zama a wani lungu hantsaki ya gutsuro daga wani. Hantsakin kuma yana yawan komawa inda ya saba, sai ya ɗebo tabon gutsurar baya. Akwai wani tarin limfosait da ke zama a fatar cikin zuciya wanda yake kama da hari alhali ba shi ba ne. Masana biyu suna iya duba gilashi ɗaya su saɓa. Ga hatsari, ko da yake kaɗan ne: hantsaki na iya huda bangon zuciya, abin da bai kai sau ɗaya cikin ɗari ba, kuma yawan wucewarsa na iya lalata murfin da ke tsakanin ɗakunan dama.

Shi ya sa aka daɗe ana neman gwajin jini da zai rage yawan tsakuren. A 2008 Amurka ta amince da wani mai suna AlloMap, wanda ke duba ko fararen ƙwayoyin jini sun tashi tsaye. Wani babban bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa ga waɗanda suka wuce watannin farko lafiya, ana iya bin su da shi ba tare da an cutu ba. Daga 2011 kuma masu bincike a Stanford suka nuna cewa in ana cin baƙuwar zuciya, ɓurɓushin ƙwayoyin gadon mai zuciyar na asali yana ƙaruwa a jinin wanda aka dasa wa, kuma ana iya auna shi. Asibitoci da yawa yanzu sun rage tsakure saboda waɗannan. Amma in gwajin jinin ya nuna akwai matsala, har yanzu hantsakin Caves ake ɗaukowa don a tabbatar.

INA MUKE A WANNAN TARIHI?

Kada a ɗauka labarin nesa ne. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ga yawan wannan ciwo a tsakanin matan Hausawa ya kai matakin da ba a saba gani ba a duniya, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta a Kano daga baya ya jawo hankali ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Da yawa daga cikin masu wannan ciwon suna samun sauƙi da magani in an kai su asibiti da wuri. Wasu kuwa zuciyar ba ta dawowa, kuma a ƙasashen da ake dashe irinsu suna cikin masu jiran layi. Wani abin lura shi ne, goyon ciki yana sa garkuwar mace ta san shaidar jikin da ba nata ba, domin rabin shaidar jariri ta uba ce. Saboda haka macen da ta haihu ta fi fuskantar ƙin dashe. Wato wadda ta fi kusa da buƙatar sabuwar zuciya a ƙasarmu ita ce kuma ta fi buƙatar a sa mata ido da tsakure.

Ƙasarmu ba baƙuwar tiyatar zuciya ba ce. A 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a asibitin koyarwa na Inugu, kuma Magdi Yacoub ɗin nan yana cikin waɗanda suka yi ta tare da Farfesa Fabian Udekwu. Dashen ƙoda ya fara a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi a 2002. Su ma masu ƙoda in gwajin jini ya nuna matsala ana tsakuro tsokar ƙodar da allura, a auna ta da ma'aunin da aka tsara a garin Banff na Kanada a 1991. Ta fuskar addini kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi zama a Amman a 1986 kan mutuwar ƙwaƙwalwa, ta kuma halatta dashen sassan jiki bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki.

Amma dashen zuciya bai zama aikin da asibitocinmu ke yi ba, kuma tarihin nan ya nuna mana cewa ba gwanin tiyata kaɗai ake jira ba. Ana buƙatar tsarin samun zuciya daga mamaci a dasa ta cikin 'yan awoyi. Ana buƙatar ɗakin da za a zura hantsaki, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da zai yanka tsoka ya rina ta daidai, da likitan da zai karanta ta a ba da amsa yau ko gobe, da ɗakin gwajin da zai auna yawan magani a jini. Wanda aka yi wa dashe a waje ya dawo Batagarawa yana shan maganin danne garkuwa safe da dare har ƙarshen rayuwarsa, a garin da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ba baƙi ba ne. Ranar da zazzaɓi ya kama shi, tambayar da ta rikita likitocin Washkansky a 1967 ita ce za ta taso: cuta ce ko ƙi ne? In muka ga sanarwar neman taimakon kuɗin fitar da wani waje, mu sani kuɗin tiyata somin taɓi ne.

Mun koma wurin 'yar uwarmu da wannan bayanin, muka ce kada ta goge babin, ta dai ƙara masa wasu. Tauraruwarta za ta zauna wata da watanni a ɗakin haya kusa da asibiti. Mahaifinta zai riƙa lissafin canjin kuɗi da dare. Kowane mako a watan farko za ta kwanta a juya mata fuska hagu, ta ji bugun zuciyarta ya ɗan yi tsalle lokacin da hantsaki ya taɓa bango. Washegari ita da mahaifiyarta za su zauna suna kallon waya, suna jiran a ce 0R ko a ce 2R. In an kai ga bikin, amarya za ta zauna da takunkumi a fuska, ƙawaye suna gaishe ta daga nesa, agogon wayarta yana ƙara a tsakiyar kamu don lokacin magani ya yi. Ta ce za ta sake rubutawa, mun kuma yi alkawarin sauraro a zama na gaba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.